Shekara uku da sashen taimaka wa masu barin giya bayan dashen hanta: abin da ya yi mana da inda ya gaza

Ranar da aka sallami maigidana daga asibiti bayan dashen hanta, an miƙa mana jaka cike da magunguna da takardar ranakun da za mu riƙa komawa. A cikin ranakun akwai waɗanda aka ware domin ganawa da wani sashe na musamman da ke bin lafiyar mutanen da giya ce ta lalata musu hanta. Ban ɗauki wannan sashe da muhimmanci ba a lokacin. A tunanina, mutumin da cikinsa ya cika da ruwa har ba ya iya sunkuyawa ya sa takalmi, idanunsa suka koma rawaya saboda shawara, hankalinsa ya gushe har ya yi kwana biyu bai gane 'ya'yansa ba, ba ya bukatar wani ya zaunar da shi ya karanta masa illar giya. Yau shekara uku ke nan da 'yan watanni, kuma abin da na gani ya sa na sauya ra'ayi. Na rubuta wannan sharhi ne domin iyalan da ke kan hanyar da muka bi, su san abin da ya kamata su nema daga irin wannan hidima a cibiyar da ke kula da nasu majinyacin, su kuma san wuraren da za su sa ido.

Sashen yana cikin cibiyar dashen kanta, ƙofarsa kusa da ɗakin da ake ɗibar jini. Ma'aikatansa ba su da yawa: likitan ƙwaƙwalwa da ya ƙware a kan matsalar shaye-shaye, ma'aikaciyar jinya guda ɗaya da ita ce ainihin ginshiƙin wurin, mai ba da shawara, da jami'ar walwalar jama'a da ke zuwa wasu ranaku. Wannan kusanci ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Majinyacin da aka ce ya je wani asibiti daban a wata rana daban domin maganar giya, sau da yawa zai sami uzuri, amma wanda ya riga ya zo gwajin jini kuma aka ce ya shiga ƙofa ta gaba, da wuya ya zille. Daga baya na ji cewa likitoci a birnin Rom, ƙarƙashin jagorancin Giovanni Addolorato, sun wallafa bincike a 2013 da ya nuna cewa majinyatan da aka kula da su a sashen shaye-shaye da ke cikin cibiyar dashe sun fi ƙarancin komawa shan giya fiye da waɗanda aka bari a hannun masu kula na waje. Ban yi mamaki ba, domin da idona na ga dalilin.

A zaman farko, ma'aikaciyar jinyar ta dubi maigidana ta ce masa: "Malam, hanta aka canza maka, ba a taɓa ƙwaƙwalwarka ba. Cuta biyu ka zo da su, guda ɗaya kawai likitan tiyata ya cire." Daga nan ta yi mana bayanin da har yau ina ganin shi ne tushen aikinsu. A watannin da mutum yake jiran hanta, rashin lafiya da kanta tana tsare shi daga sha: ba ya iya fita, jikinsa ba ƙarfi, ga tsoron mutuwa, ga kuma sanin cewa idan aka gano ya sha za a iya cire sunansa daga jerin masu jira. Bayan dashe, duk waɗannan shingaye suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Lafiya ta dawo, ya koma aiki, tsofaffin abokai suka fara kira, damuwar da ya saba kashewa da kwalba ta sake ɗago kai, sai jarabar da ake zaton ta mutu ta nuna cewa barci kawai ta yi. Ta ce lokacin da iyali ke sakin jiki suna cewa an tsallake, a nan ne haɗarin yake farawa.

Ba su ɓoye mana alƙaluma ba, kuma na yaba da hakan. Likitan ya kawo mana nazarin da Mary Amanda Dew da abokan aikinta na Pittsburgh a Amurka suka fitar a 2008, inda suka tattara bincike masu yawa suka gano cewa a cikin kowane mutum 100 da aka yi wa dashen hanta bayan matsalar giya, kimanin 5.6 ne ke sake taɓa giya a kowace shekara, kimanin 2.5 kuma su koma sha mai yawa. Ya jaddada kalmar "kowace shekara", domin lissafin taruwa yake yi, bai tsaya a shekarar farko ba. Ya kuma ce wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka koma sha mai tsanani, sabuwar hantarsu ta sake taurarewa, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan, ba shekara ashirin ko talatin da ta farko ta ɗauka kafin ta gaza ba. Akwai wata hanya ta biyu da giya ke kashe sabuwar hanta: wanda ya koma sha yakan fara tsallake maganin danne garkuwar jiki, irin su tacrolimus da ake sha a kan lokaci, kuma idan maganin ya yi ƙasa a jini, jiki sai ya fara yaƙar hantar a matsayin baƙuwa.

Na tambaye shi game da ƙa'idar wata shida, domin mu ma sai da maigidana ya cika wannan wa'adi ba tare da sha ba kafin a sa shi a jerin masu jira, kuma na ɗauka cika shi wata shaida ce ta warkewa. Ya ce wa'adin yana da amfani, musamman domin wata hantar takan farfaɗo da kanta idan aka daina sha har a ga ba a bukatar dashe, amma ba ya ba da tabbacin abin da zai faru bayan tiyata. Ya ambaci binciken Philippe Mathurin na birnin Lille da abokansa a Faransa da Beljiyam, wanda ya fito a 2011, inda aka yi wa mutum 26 masu mummunan kumburin hanta saboda giya dashe ba tare da jiran wata shida ba. Kashi 77 cikin 100 na su sun kai wata shida a raye, alhali kashi 23 ne kawai suka kai a cikin takwarorinsu da ba a yi wa dashe ba, kuma mutum uku ne cikin 26 ɗin suka sake shan giya a tsawon lokacin da aka bi su. Abin da ya fi nuna makomar mutum, in ji shi, shi ne ko yana da iyalin da ke tsaye a kansa, ko yana fama da ciwon damuwa da ba a magance ba, ko ya taɓa barin giya sau da yawa yana komawa, da kuma ko ya yarda a zuciyarsa cewa giya ce ta kai shi gadon tiyata.

Abin da ya fi taɓa rayuwata ni kaina a cikin hidimarsu shi ne gwajin jini da ake kira PEth. Wani sinadari ne da ke samuwa a jikin jajayen ƙwayoyin jini idan akwai barasa a jiki, kuma yakan zauna har mako biyu zuwa huɗu bayan an sha, saɓanin gwajin fitsari na EtG da ke gano abin da aka sha a 'yan kwanakin baya kawai. Kafin in fahimci wannan gwaji, na mayar da kaina mai gadi a cikin gidana. Idan ya dawo daga aiki nakan karɓi rigarsa in kai hanci kafin in rataye ta. Idan ya yi jinkirin minti ashirin, nakan zauna ina ƙirga wuraren da zai iya tsayawa a hanya. Wata safiya na ga hannunsa yana rawa yana ƙoƙarin kai kofi bakinsa har ruwa ya zuba a kan tebur, kuma wannan rawar hannu ita ce alamar da na sani tsawon shekaru a duk safiyar da ta biyo bayan daren sha. Ban ce masa komai ba, amma ya ga fuskata, ya ajiye kofin ya shiga ɗaki. Kwana uku muka yi ba ma magana sai ta dole.

Da na kai maganar wurin ma'aikaciyar jinyar, sai ta buɗe takardar tacrolimus ta nuna mini cewa rawar hannu tana cikin sanannun illolinsa, musamman idan adadinsa ya ɗan hau a jini, kuma gwajinsa na wannan makon ya nuna ya hau. Sannan ta juyo da sakamakon PEth ta nuna mini babu komai. Ta ce: "Uwargida, ki bar mana aikin bincike, mu aka ɗauka dominsa. Shi yana bukatar matarsa a gida." Na yi kuka a wannan ɗaki fiye da yadda na yi ranar tiyata. Tun daga ranar ban sake shinshina rigarsa ba. An gaya masa tun farko cewa za a riƙa yin gwajin, ya kuma sa hannu a kan hakan, don haka bai taɓa ɗaukarsa tarko ba. Ya ce mini shi ma gwajin ya sauke masa nauyi, domin ya daina rantse-rantse ga mutanen da ya san ya sha yi musu ƙarya a baya.

A wata na goma sha huɗu ya sha. Wani taro ne na wurin aiki, aka miƙa masa kofin giya, ya karɓa, ya ƙara na biyu. Washegari da kansa ya kira ma'aikaciyar jinyar kafin ya gaya mini, kuma ina ganin wannan kira shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna sashen da shi. Sun shafe shekara guda suna nanata masa cewa idan hakan ta faru, abin da suke so shi ne su ji da wuri, kuma ba za a wulaƙanta shi ba. Sun cika alƙawari. Babu wanda ya ɗaga masa murya, babu kuma wanda ya ce abin ba komai ba ne. Likitan ya bambanta masa tuntuɓe da komawa gidan jiya, ya ce tuntuɓe yakan zama komawa ne idan aka ɓoye shi. Suka zauna da shi suka bi ranar daki-daki: me ya faru da safe, da wa ya yi saɓani a wannan makon, kwana nawa ya yi bai sami barci ba, me ya sa bai shirya amsar da zai bayar ba idan aka miƙa masa kofi. Aka mayar da ganawarsa kowane mako na tsawon wata biyu, aka ƙara yawan gwajin jini, aka kuma sanar da likitan hanta a ranar.

A wannan lokaci ne aka yi maganar maganin rage jaraba, kuma bayanin da likitan ya yi a kai ya nuna mini amfanin samun ƙwararre da ya san hanta ya kuma san shaye-shaye. Ya ce disulfiram, wanda ke sa mutum rashin lafiya idan ya sha giya, ba za su taɓa shi ba domin yana iya cutar da hanta. Naltrexone a hanta ake sarrafa shi, don haka yana bukatar sa ido, kuma yana toshe aikin magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin mofin idan aka zo bukatarsu. Baclofen an gwada shi a kan masu taurarriyar hanta a wani gwaji da Addolorato ya wallafa a mujallar Lancet a 2007, inda kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka sha shi suka kame daga giya, a kan kashi 29 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da magani, sai dai yana kawo barci da kasala. Acamprosate kuwa ta ƙoda yake fita, ba ya bi ta hanta, amma tunda tacrolimus kansa yana wahalar da ƙoda, sai an duba aikinta tukuna. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa yawancin gwaje-gwajen waɗannan magunguna ba a kan waɗanda aka yi wa dashe aka yi su ba. Bayan an duba ƙodarsa an zaɓi acamprosate, ya sha shi na tsawon watanni, kuma daga wannan rana zuwa yau duk gwajinsa na PEth yana fitowa babu komai.

Sun kuma kula da ƙananan abubuwan da ba za mu taɓa tunawa da su ba. Sun ce mu riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin ruwan kurkure baki da maganin tari, domin wasu suna ɗauke da barasa. Sun hana shi abin shan da ake tallatawa da sunan giya marar barasa, saboda wasunsu suna da kusan kashi 0.5 cikin 100, kuma ko babu ko ɗigo, ƙamshin da siffar kwalbar sun isa su ta da tsohon tsumi. Game da zaman rukuni, ba su tilasta masa bin tsari guda ba. Sun gabatar masa da ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin giya, Alcoholics Anonymous, da aka kafa a 1935 a Amurka, da kuma wata ƙungiyar, SMART Recovery, ga wanda tsarin matakai goma sha biyu na ta farkon bai kwanta masa ba, amma shi ya fi samun natsuwa a ƙaramin rukunin da sashen ke haɗawa na waɗanda aka yi wa dashe, inda kowa ke da irin tabon da yake da shi a ciki.

Duk da wannan yabo, akwai gazawar da ba zan rufe ba, kuma babba a cikinsu ita ce yadda kulawar ke raguwa da sauri. A shekarar farko ganawa tana da yawa. Da aka shiga ta biyu, sai ta koma bin ranakun likitan hanta, waɗanda su ma suke ƙara nisa da juna muddin sakamakon jini yana kyau. Wannan ya saɓa wa abin da su da kansu suka koya mana, cewa haɗarin yana taruwa shekara bayan shekara. Tuntuɓen maigidana ya faru ne daidai lokacin da aka fara tazarar, kuma da bai kira da kansa ba, da sai bayan makonni za a gan shi, wataƙila ma alamar ta riga ta ɓace daga jininsa. Na san ƙarancin ma'aikata ne ya jawo hakan, na ga yadda mace ɗaya ke ɗauke da sunayen majinyata masu yawa a kanta, amma sanin dalili bai rage haɗarin ba.

Gazawa ta biyu ita ce sauyin masu ba da shawara. Cikin shekara uku mutum uku daban suka zauna a wannan kujera, kuma kowane sabo sai maigidana ya sake kwance masa tarihinsa daga farko, har da abubuwan da ya ɗauki watanni kafin ya iya furta wa na baya. Bayan na biyun ya tafi, ya yi kusan wata uku yana ba na ukun amsa a taƙaice kamar mai cika takarda. Iyali kuma rabonmu kaɗan ne a tsarin: zama ɗaya aka yi da ni a hukumance, ba a yi ko ɗaya da yara ba, alhali su ma sun tashi cikin tsoro da rufin asiri. Duk taimakon da na samu, ma'aikaciyar jinyar ce ta ba ni daga lokacinta. Maganar taba sigari ma an yi ta sama-sama ne, duk da cewa sanannen abu ne waɗanda aka yi wa dashe bayan giya suna da ƙarin haɗarin kamuwa da ciwon dajin baki da maƙogwaro da huhu, musamman idan suna shan taba ga kuma magungunan da ke danne garkuwar jiki. Sai da na matsa aka tura shi wurin masu taimaka wa barin ta.

Akwai wani abu da ba laifin sashen ba ne kai tsaye, amma ya shafi aikinsa. Ba duk ma'aikatan cibiyar ne ke magana da harshe ɗaya ba. Bayan tuntuɓen, wani likita a wani ɗaki ya karanta bayanin a kwamfuta ya ce wa maigidana: "Ka tuna wani ne ya mutu aka ba ka wannan hanta." Maganar gaskiya ce, kuma babu ranar da ba ya tuna ta. Na fahimci damuwar da ke bayanta, domin hanta ba ta wadatar da masu jira ba, kuma tun lokacin da shahararren ɗan ƙwallon nan George Best ya koma sha bayan dashen da aka yi masa a Landan a 2002 ya kuma rasu a 2005, jama'a da yawa suke kallon masu irin wannan ciwo a matsayin waɗanda ba su cancanci a ba su ba. Amma kunya ba ta taɓa hana maigidana sha ba, ɓoyewa kawai ta koya masa tsawon shekaru. Ya fito daga ɗakin ya ce mini: "Da na san haka za a ce, da ban faɗa ba." Jimla ɗaya ta kusa rushe abin da aka gina a shekara guda. Na kai ƙorafi, shugaban sashen ya saurare ni da kyau, ya kuma ce suna ƙoƙarin horar da sauran ma'aikata, sai dai ban ga alamar an kammala wannan aiki ba.

Ga duk iyalin da ke shirin dashen hanta saboda giya, ina ba da shawarar su karɓi irin wannan hidima tun kafin tiyata, ko da majinyacin ya ce ba ya bukata, domin nawa ma haka ya ce. Su tambayi cibiyar ko ƙwararren shaye-shayen yana cikinta ko a waje yake, wane gwaji ake yi kuma sau nawa, wa za a kira a ranar da abu ya faru, da kuma abin da tsarin ya tanada bayan shekarar farko, domin a nan ne namu ya yi rauni. Mu dai mun roƙi a ci gaba da yi masa gwajin PEth duk bayan wata uku ko da ba ranar ganin likitan hanta ba ce, a kuma bar masa ganawa ta waya da ma'aikaciyar jinyar sau ɗaya a wata. Sun amince da duka biyun bayan maigidana da kansa ya rubuta buƙatar ya sa hannu, kuma gwaji na gaba yana cikin makon farko na watan gobe.